Sunan Haisam a Bakin Umm Gabir

Juma'a, 3 ga Oktoba

Ramzi ya sake tado maganar nan tasa: faifanmu na uku ba zai yi kama da na baya ba. Wai shekara da shekaru ƙungiyar Tsatsa tana buga abu ɗaya, jita da ganga da ihu, har kuramen Iskandariya sun haddace. Yanzu algaita yake so, da goge irin na mutanen kudancin ƙasarmu, da wani abu da yake kira muryar ƙasa. Da yake shi ne mawaƙinmu, in ya yi mafarki sai kowa ya tashi da ciwon kai.

Na ce, "Mu fara samun mai jitar bes tukuna, tunda ka kori wanda muke da shi."

Ya ce shi bai kori kowa ba, ƙanena Haisam ne ya zaɓi ya je ya goge inji a jirgin ruwa. Bishoy ya sunkuyar da kai kan na'urorinsa na haɗa sauti kamar ba ya ɗakin. Haka yake yi duk lokacin da aka ambaci Haisam.

Saƙon Juma'a ya zo bayan la'asar, kamar kullum. Muryar Haisam da ƙarar inji a baya, yana kirana Abla, wato yaya: "Abla Rawya, har yanzu kina dukan fatun bayin Allah? Ki ce wa Mama na yi ƙiba. Ki ce wa Ramzi gishirin teku ya fi shi daɗin murya." Mama ta yi ta maimaita saƙon har wayata ta mutu.

Laraba, 8 ga Oktoba

Mai algaita ya zo. Matar bene na ƙasa ta hau da tsintsiya a hannu.

Bishoy ne ke buga bes a kan allon piyano yanzu. Daidai yake bugawa, ba kuskure ko ɗaya, kuma babu rai a ciki. Haisam kullum a bayana yake tafe da ɗan kaɗan, kamar mai jan silifas. Na sha jifansa da sandar ganga a kan haka. Yau ina bugawa na ji kaina ina jiran wannan lattin.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Gwaggon Bishoy ta san wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Ƙina, Umm Gabir, cikin matan nan da ake kira gidan mutuwa su yi waƙar makoki. An ce saura ita kaɗai a yankin. Ramzi ya kasa zaune ya kasa tsaye. Gobe za mu hau jirgin ƙasa.

Na ce wa Mama kiɗan biki za mu ɗauko. Ita ma asalinta 'yar Kudu ce, ba na son dogon bayani.

Talata, 14 ga Oktoba

Ina rubutu a jirgin dawowa.

Na zaci zan ga mace mai ban tsoro. Sai ga 'yar ƙaramar tsohuwa tana korar agwagi da takalmi, tana zagin jikokinta. Ta kalli gashin Ramzi ta ce, "Wannan mace ce ko namiji, don in san inda zan zaunar da shi?" Ta ba mu shayi baƙi ƙirin mai sukari kamar zai tsinke haƙori. Bishoy ya kafa makirfo a tsakar gida, rana tsaka, kaji na yawo.

Ramzi ya ce mata bismillah, tana iya farawa.

Ta ce, "Wa ya mutu?"

Ya ce ba kowa, Hajja, waƙar kawai muke so.

Ta tattara zanenta za ta tashi. "Ni ba rediyo ba ce, ɗana. Ba a yin kuka a kan tabarmar da ba kowa. Ku sha shayinku ku kama hanya."

Mun kwana a jirgi don wannan. Na ga fuskar Ramzi ta canza, irin yadda take yi in dabara ta zo masa. Ya dafe ƙirji ya ce, "Gaskiya akwai, Hajja. Abokinmu ne. Haisam. Teku ta ci shi." Ya ɗan kashe mini ido.

Dariya ta taso mini, na danne. Abin da na tuna shi ne Haisam zai fi kowa jin daɗin wannan, zai sa a yi ta kunna masa. Tsohuwar ta koma ta zauna. Ta ce, "Ɗan wa? Mamaci da sunan uwarsa ake kiransa."

Ramzi bai san sunan Mama ba, Tanti yake ce mata. Ya juyo ya kalle ni. Ni ce na faɗa. Na ce, "Ihsan." Ta tambaya mece ce ni a wurinsa, na ce yayarsa. Ta jawo ni ta zaunar kusa da gwiwarta.

Ba ta gyara murya ba, ba ta yi komai ba. Ta fara kaɗa jiki kawai, sai abin ya fito:

Haisam ɗan Ihsan, wa ya yi maka wanka?
Ruwan gishiri ne, ba hannun dangi ba.
Ina zan kai ganyen dabino ran Alhamis,
Tunda kabarinka tafiya yake yi?

Kaji sun yi tsit. Wallahi sun yi. Matan maƙwabta suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna zama a ƙasa suna amsa mata, ba wanda ya kira su. Hawaye na bin kwarin fuskarta, na gaske. Na so in ce a tsaya. Na kalli Bishoy, idonsa a kan allurar na'ura, yana yi mini alama da hannu kada in motsa.

Da ta gama suka kawo mana miyar adas, ɗan mitsitsin waken nan, wai masu makoki ba sa girki. Ta cire baƙin mayafinta ta yafa mini ta ce, "Kin fito da jan kaya, 'yata, ɗimuwa ce, na sani." Na ci miyar. Me zan yi?

Ramzi na barci yanzu, baki buɗe. Mayafin na cikin jakata, yana warin hayaƙi.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ba saƙo. Suna tsakiyar ruwa ke nan, ya taɓa faruwa.

Litinin, 20 ga Oktoba

Bishoy ya kira ni situdiyo da safe, kafin Ramzi ya zo. Ya sa mini abin sauraro a kunne ya ce, "Kada ki bi muryarta. Ki saurari ƙasa."

Akwai wani gunji can ƙarƙashin muryar, mai kauri, irin wanda ciki ke ji kafin kunne. Ya ce injin ban ruwa ne na gonar bayan gidan. Ni ban tuna da wani inji ba, amma ba shi na je saurare ba. Ya yi ta ƙoƙarin tace shi, in ya cire shi sai muryar tsohuwar ta bushe kamar kara.

Na ce to a bar shi mana.

Ya ce, "Rawya, injin ban ruwa ba ya canza sauti in mawaƙiya ta canza."

Ya sake kunnawa. In ta hau, gunjin ya hau. In ta sauka, ya sauka. Na ce masa ya rage shan kofi.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Shiru. Mama ta tambaya sau ɗaya, ba ta sake ba, ta shiga goge kwanukan da ta riga ta wanke.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Dole in faɗi gaskiya ko da a nan ne: ba mu taɓa yin waƙa mai kyan wannan ba. Ramzi ya shimfiɗa jita a hankali a bayan muryarta, goge ya shigo a tsakiya, algaita can ƙarshe kamar daga wani gari. Shi kansa bai rera komai ba, karon farko a tarihi da ya rufe baki don kansa. Ya ce ita ce za ta buɗe faifan, kuma ba a bukatar bes, gunjin ya isa.

Yau na ɗora ganga. Na fara bugawa, ina bin numfashinta, sai na ji abin. Gunjin ba tare da ni yake sauka ba. A bayana yake da ɗan kaɗan, yana jan silifas.

Na ajiye sanduna na fita baranda. Rana fes, masu kifi na ciniki a ƙasa, jirgin tiram na wucewa a titi. Tsigar jikina ta ƙi kwanciya. Bishoy ya biyo ni ya tsaya, na gan shi ya yi alamar gicciye a ɓoye kamar mai sosa ƙirji.

Ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba. Kunne yana jin abin da zuciya ke kewa, shi ke nan.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Ramzi ya saki guntun waƙar a intanet bai tambayi kowa ba. Daidai wurin sunan. Wai ɗanɗano ne. Kafin azahar ta zaga gari. Na kira shi ya ƙi ɗauka, ya turo mini hoton wuta.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na dawo daga sayen burodi na tarar da takalma a ƙofarmu. Takalman mata, baƙaƙe, jere.

Falo cike. Umm Sabri ta bene na biyu ta kama ni ta rungume tana cewa, "Sauran kwanan ya zama naku, 'yata. Yaron kirki, shi ke ɗaukar mini tukunyar gas." Wani abokin Haisam na makaranta yana tsaye a bakin ƙofa da jajayen idanu. Ɗan Umm Sabri ne ya ji waƙar a waya, ya kai wa uwarsa, ita kuma ta kai wa unguwa.

Mama na zaune a tsakiyarsu da rigar girki, wuƙar yankan lalo a hannunta. Ba ta kuka. Wayar wani na kan cinyarta, muryar tsohuwar na fita: Haisam ɗan Ihsan.

Na ce, "Yana raye! Wasa ne, waƙa ce kawai, yana kan jirgi!" Sai da na faɗa da ƙarfi kafin suka fara tashi, suna neman takalmansu ba mai kallon wani. Umm Sabri ta ce a matakala, yadda zan ji, "Wasa. Allah ya raba mu da wasan 'ya'yan zamani."

Da aka watse Mama ta ce, "Wa ya ba ta sunana?"

Na fara cewa Ramzi ne ya…

"Wannan mai gashin bai san sunana ba. Wa ya ba ta?"

Na ce ni ce.

Na zaci mari. Da ta mare ni da ya fi. Ta koma kicin ta ci gaba da yanka lalo, ƙwas ƙwas ƙwas, har ya zama ruwa. Can ta ce, ba ta juyo ba, "Na baro ƙauye don kada in sake jin muryar matan nan. Ashe 'yar cikina ce za ta hau jirgi ta je ta sayo mini ita. Ki koma wurinta. Ki gaya mata abin da kuka yi."

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ofishin kamfanin jirgin. Wani mai ƙaton gashin baki yana cin dafaffen waken ful a kan tebur ya ce jirgi lafiya, ma'aikata lafiya, in da wani abu da an sanar. Na ce ina son jin muryarsa. Ya ce, "Madam, jirgin kaya ne, ba otal ba."

Ramzi ya sauke guntun, ya rubuta cewa Haisam na raye. Magana zarar bunu. A ƙarƙashin rubutun nasa ma mutane na ta sa Allah ya jiƙansa, ba sa karantawa. Na ce masa waƙar ba za ta fita ba. Ya ce, "Ke ce fa kike dariyar masu zuwa wurin bokaye." Ya ce waƙar nan ce za ta fitar da mu daga buga wa mutum talatin kiɗa a gidan shayi. Ya ce Haisam da kansa zai ce a saki.

Abin haushin, duk gaskiya ya faɗa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ni kaɗai na koma wurin Umm Gabir. Ta gane ni tun daga nesa, ta taso da hannu buɗe tana tambayar yadda uwata ke haƙuri. A tsaye na gaya mata, don in na zauna ba zan iya ba.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta cire takalminta, wanda take korar agwagi da shi, ta maka mini a kafaɗa. Ba zafi, hannun ba ƙarfi.

"Kwana uku ban ci abinci ba a kan yaron nan! Nawa ɗan, Gabir, kogi ne ya tafi da shi, ba a ga gawa ba. Da shi na yi muku kukan, 'yan banza. Kuka sa na tono shi don ku yi rawa."

Ban san wannan ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na farko tun da abin ya fara. Ta bar ni na yi, tana ta mita, sannan ta aika a dafa shayi.

Na tambaye ta ko wani abu zai same shi. Ta ce ita ina ta sani, ita Allah ce? Ba a taɓa yi mata wannan rashin mutuncin ba. Abin da ta ji dai a wurin kakarta, an taɓa yi wa wani soja makoki bisa kuskure, sai ga shi ya dawo. Ba a bar shi ya tsallaka ƙofa ba sai da aka rangaɗa guɗa a kansa, don guɗa ce ke korar kuka.

Na ce to ta yi mana, in ɗauka a waya.

Ta yi dariya ba haƙori. "Maƙogwaron nan hanya ɗaya ya sani. Ko a bikin 'yata ban yi guɗa ba, haya aka yi. Kuma ba ni na kashe shi ba. Bakin da ya ba da sunan uwa, shi zai yi. Ido da ido, ba a waya ba." Ta ce kafin nan kada a ƙara bari kunnen kowa ya ji waƙar, don duk wanda ya ji zai ce Allah ya jiƙansa, kuma addu'a ba ta san wasa ba.

Na miƙa mata mayafinta. Ta ƙi karɓa, ta ce sai na gama.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Ban iya guɗa ba. Shekarata talatin da ɗaya, ina iya raba hannu biyu da ƙafa biyu kowanne da nasa kiɗa, amma harshena ya ƙi kaɗawa. A bukukuwa ni ce mai tsayawa baya ina yatsina.

Mama na koya mini a kicin. "Ɗaga harshen. Ba haka ba, wannan ai akuya ce aka taka. Daga nan sama, ki sake shi ya yi rawa." Na ce ta nuna mini. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce ba za ta yi guɗa a gidan da ba ta san ko ɗanta na numfashi ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Guguwar farkon sanyi ta sauka. Teku na tsallako titi. Ba saƙo.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na je bakin ruwa wajen tsohuwar ganuwa da hantsi, inda iska ke cinye sauti, don in gwada da ƙarfi ba mai ji. Na cika ƙirji, na ɗaga harshe, na saki.

Abin da ya fito ba guɗa ba ne. Waƙar ce. Da karyewar muryar tsohuwar, da inda take jan numfashi, har da baitocin da ban san na riƙe ba. Na kai tsakiya kafin na iya rufe bakina da hannu. Wani mai kamun kifi da ƙugiya ya juyo ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa."

Ban gaya wa Mama ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Ya dawo.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa, na zaci mai karanta mitar wuta ne. Na buɗe, ga shi da jaka a kafaɗa, ya rame, ya yi baƙi, gemu ya fito, ruwan sama na ɗiga daga hularsa. Ya ce, "Abla, me ya sami unguwar nan? Umm Sabri ta gan ni a matakala ta zubar da tumatir."

Mama ta fito da gudu ta tsaya a bayana. Ba ta taɓa shi ba. Ta tare ƙofar da hannu ta ce, "Tsaya nan. Kada ka shigo. Rawya, yi."

Yana kallonmu kamar mun haukace. Na kalle shi ido da ido. Na ɗaga harshe. Na ji abin yana tasowa daga ciki, kuma tun kafin ya iso na san wanne ne. Na ce, "Haisam ɗan Ih…"

Mama ta toshe mini baki da tafin hannunta, da ƙarfi har leɓena ya fashe. Sai ita ta rangaɗa guɗar, doguwa, har gilashin taga ya amsa, maƙwabta suka leƙo. Ta jawo shi ciki tana shafa fuskarsa tana zaginsa. Ta kalle ni ta saman kafaɗarsa. Mu biyu mun san ba tata aka ce ba.

Wayarsa ce ta faɗa ruwa, wai. Sannan zazzaɓi ya kwantar da shi, aka sauke shi a wata tasha ya yi jinya, kamfanin bai ga dalilin gaya wa kowa ba. Na tambaye shi yaushe zazzaɓin ya fara. Ya ce wa ke riƙe kwanaki a teku, tsakiyar watan jiya dai.

Da muka ba shi labari ya yi dariya har ya ƙware da shinkafa. "Na mutu ba a gaya mini ba? Mutum nawa suka zo? Ramzi ya yi kuka?" Daidai yadda na ce zai yi.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Da safe yana aske gemu, ƙofar banɗaki a buɗe, yana ɗan gunji a hanci. Na tsaya da tire a hannu. Waƙar ce, daga farko, har inda take hawa.

Na ce wa ya kunna maka? Ya ce kunna me? Ya ce wannan ai karin injin jirginsu ne, in ka daɗe a ƙasa kusa da shi sai ka ji kamar mace na rera wani abu. Ya shige masa kai ne kawai.

Talata, 25 ga Nuwamba

Haisam da Ramzi sun rungume juna suna zagin iyayen juna, an shirya ke nan. Ya ce sai ya ji waƙar mutuwarsa. Na ce a'a, ba wanda ya saurare ni.

Bishoy ya kunna, sai ya tsayar, ya sake kunnawa, ya shiga taɓe-taɓe. Gunjin babu. Muryar tsohuwar, jita, goge, gangata, ƙarƙashinsu wayam. Ya rantse bai taɓa komai ba. Ya buɗe ainihin abin da muka ɗauko a ƙauye, nan ma babu, sai kukan agwagwa can nesa.

Haisam ya ce, "Wannan ai tana neman bes." Ya ɗauko tasa daga bayan kujera, wayoyin duk sun yi tsatsa, ya ɗaura ta a kafaɗa. Bugu ɗaya ya yi, bai tambayi ko a wane sauti take ba. Abin da muka saba ji ne, ba ragi ba ƙari, a bayana da ɗan kaɗan.

Ramzi ya yi ta tsalle. Ni da Bishoy ba mu kalli juna ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

An kira Haisam, wani jirgin. Litinin zai tashi. Ya ce faifai ba ya ciyar da gida, kuma gaskiya ne. Mama ta ce ya ƙara ko mako ɗaya, ya sumbaci goshinta ya ce ai ta riga ta yi masa guɗa, me ya rage.

Na gwada a banɗaki, famfo a buɗe. Har yanzu ɗayar ce ke zuwa.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Fasfonsa na aikin teku ya ɓata. Tun safe yake birkice gidan, ya zazzage jaka, ya ɗaga katifa, ya leƙa har cikin firji. In babu shi ba zai hau jirgi ba, sabo kuma sai an yi watanni ana zarya. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, ya ce aikin nan da ƙyar ya same shi. Na ji tausayinsa ƙwarai. Mama na taya shi nema, tana ɗaga matasan kujera ɗaya bayan ɗaya a natse, ba ta tambaye ni ko na gani ba.

Da yamma mun yi gwaji. Ramzi ya ce babbar gangata ta ƙafa ta canza sauti, ta ƙara nauyi, me na yi mata? Na ce filon da ke cikinta na gyara. Ban gaya masa abin da na cusa a ƙarƙashin filon ba. Ya tambayi ranar da zan bari a saki waƙar. Na ce ya kusa.

Ni dai har yanzu ban yarda da waɗannan abubuwa ba. Zazzaɓi zazzaɓi ne, inji inji ne. Mayafin ma don sanyi nake yafa shi.

Ɗazu a kicin harshena ya kaɗa sau ɗaya, ɗan guntu, kamar kukan tsako. Mama ta ajiye wuƙa ta ce, "Sake."